Turgot, ministan kuɗin Faransa da aka kora saboda ya nemi manya su biya haraji

A watan Agustan 1774, Sarki Louis na 16 na Faransa, wanda bai wuce shekara 20 ba a lokacin, ya danƙa baitulmalin ƙasarsa a hannun Anne Robert Jacques Turgot. Abin da gwamnati ke kashewa ya zarce abin da take samu, ga bashin yaƙe-yaƙen baya ya yi mata katutu. Wata 20 da 'yan kwanaki Turgot ya yi a kujerar, amma har yau ana tuna shi duk lokacin da aka zo batun wa zai biya giɓin kasafin kuɗi.

Tasowarsa

An haifi Turgot a birnin Paris ranar 10 ga Mayun 1727, a gidan manyan ma'aikatan gwamnati. Ya yi karatun addini a Sorbonne da niyyar zama limamin coci, daga baya ya fasa, ya shiga aikin gwamnati.

A 1761 aka tura shi ya riƙe yankin Limoges, ɗaya daga cikin yankunan da talauci ya fi yi wa kanta. Cikin shekara 13 da ya yi a can, ya ga yadda nauyin haraji ke kan manoma, alhali masu sarauta da malaman coci an yafe musu mafi yawansa. Ya kuma ga yadda ake kwashe manoma daga gonakinsu su yi aikin hanya na tilas ba tare da ko kwabo ba. Ya maye gurbin wannan aiki da kuɗin da ake tarawa a ɗauki ma'aikata.

Sharuɗɗa uku

Da aka ba shi ma'aikatar kuɗi, ya rubuta wa sarki cewa gwamnati ba za ta ƙi biyan masu binta bashi ba, ba za ta ƙara haraji ba, ba kuma za ta ci sabon bashi ba. Hanyar da ta rage ita ce tsuke bakin aljihu. Ya nemi kowace ma'aikata ta tuntuɓe shi kafin ta kashe kuɗi, ya rage kyaututtukan da ake yi wa fadawa, ya kuma datse ribar 'yan kwangilar karɓar haraji. Giɓin ya ragu, amma maƙiyansa a fada sun ƙaru.

A watan Satumban 1774 ya cire hannun gwamnati daga cinikin hatsi a cikin ƙasa. Sai aka yi rashin sa'a damina ba ta yi kyau ba, farashin burodi ya tashi. A watannin Afrilu da Mayun 1775 tarzoma ta ɓarke a kasuwanni har ta isa Paris. Aka fito da sojoji, aka rataye mutum biyu. Wannan ya jawo masa baƙin jini a wurin talakawan da yake neman sauƙaƙa wa.

Dokar da ta ci kujerarsa

A farkon 1776 ya gabatar da dokoki shida. Wadda ta fi tayar da ƙura ita ce ta soke aikin hanya na tilas, a ɗora haraji kan masu filaye, har da masu sarauta. Babbar kotun Paris, wadda sai ta yi wa doka rajista kafin ta fara aiki, ta ƙeƙasa ƙasa, sai da sarki ya tilasta mata a watan Maris.

Turgot ya kuma yi gargaɗin cewa baitulmali ba zai iya ɗaukar nauyin taimaka wa Amurka a yaƙinta da Ingila ba. Fadawa da alƙalai da Sarauniya Marie Antoinette duk suka juya masa baya. Ranar 12 ga Mayun 1776 sarki ya sallame shi, kuma kafin ƙarshen shekarar an janye manyan gyare-gyarensa.

Abin da ya biyo baya

Jacques Necker, wanda ya karɓi harkar kuɗi daga baya, ya zaɓi hanyar cin bashi domin yaƙin Amurka. A 1787 wani ministan, Calonne, ya sake kawo shawarar harajin filaye a kan kowa, manya suka sake ƙi. Zuwa 1788 kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa yana tafiya ne wajen biyan bashi. Hakan ya tilasta wa sarki kiran taron wakilan ƙasa a watan Mayun 1789, daga nan juyin juya halin Faransa ya fara.

Turgot bai ga wannan ba. Ya rasu a Paris a watan Maris na 1781 yana da shekara 53. A watan Agustan 1789 majalisar ƙasa ta soke gatan harajin da masu sarauta suka kare a zamaninsa, sannan a watan Janairun 1793 aka fille kan sarkin da ya sallame shi.