Marigayi Alhaji Abubakar Imam Da Taskar Tsofaffin Jaridu

Duk mai son sanin yadda siyasa da tattalin arziƙin Jihar Arewa suka gudana a ƙarshen mulkin Turawa, to, lalle ne ya koma ga tsofaffin takardun Gaskiya Ta Fi Kwabo, watau jaridar da Marigayi Alhaji Abubakar Imam ya zama editanta na farko.

An haifi Malam Abubakar a Kagara cikin shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya koyar a makarantar Midil ta garin. Littafinsa Ruwan Bagaja shi ne ya jawo masa hankalin Dokta Rupert East, wanda ya gayyace shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce.

Cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar, ana sayar da ita kwabo guda. Da Yaƙin Duniya Na Biyu ya ɓarke, ita ce ta riƙa kai wa jama'a labarin fagen fama da harshensu. Bugu da ƙari, ya buɗe filin wasiƙu, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da manoma suka sami damar bayyana koke-kokensu.

A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe, har ya gana da Lugga. Labarin wannan tafiya yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Har ila yau, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya cikin 1981.

Abin lura kuwa shi ne, takardar jarida ba ta jure gara da damshi. Wasu kofe suna ajiye a Gidan Arewa da ke Kaduna, amma wanda ya lalace a gidajen jama'a ya tafi ke nan. Saboda haka ya kamata ɗalibai da ma'aikata na Ikara, Makarfi da Kudan, waɗanda ke dab da Zariya, su bincika akwatunan iyaye da kakanni. Wanda ya sami kofe ya killace shi, ya ɗauki hotonsa, ya sanar da ɗakin karatu mafi kusa.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya sa Aljanna makoma, amin.