IMAM ABDULLAH HARON: LIMAMIN DA YA YAƘI WARIYAR LAUNIN FATA DA ALƘALAMI



In aka yi maganar yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, yawancinmu Mandela muka sani, sai ko mawaƙiya Miriam Makeba da aka hana ta komawa ƙasarta a 1960. Yau ina so in gabatar muku da wani limami da ya yi wannan yaƙin da rubutu da huɗuba.

An haifi Imam Abdullah Haron a birnin Cape Town a 1924. Ya yi karatu a Makka, sannan a 1955 aka naɗa shi limamin masallacin Al-Jami'a da ke unguwar Claremont, yana ɗan shekara 31. A lokacin nan doka ce ta raba mutane bisa launin fata: unguwa daban, makaranta daban, asibiti daban. Malamai da yawa suka kame baki, wai siyasa ce, ba ruwansu.

Shi kam bai yi shiru ba. A 1960, shekarar da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, ya zama editan jaridar Muslim News. A 1961 shi da abokan aikinsa suka raba takarda da ke bayyana cewa tsarin wariya ya saɓa wa Musulunci. Yana shiga unguwannin baƙar fata irin su Langa da Gugulethu yana da'awa, yana kai tallafi ga iyalan waɗanda gwamnati ta ɗaure, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba.

Ranar 28 ga Mayun 1969 aka kama shi. Ya yi kwana 123 a tsare ba tare da an kai shi kotu ba, har ya rasu ranar 27 ga Satumba. 'Yan sanda suka ce wai daga matakalar bene ya faɗo, alhali jikinsa duk raunuka ne, har da karayar haƙarƙari. Sai a 2023 kotu ta tabbatar cewa azabtarwa ce ta kashe shi.

Ni dai tarihin nan yana tayar mini da hankali. Shi jarida guda yake da ita, kuma ya san ransa yake sakawa a haɗari. Mu kuwa kowa da Facebook a aljihunsa. To me muke rubutawa in an zalunci wanda ba ƙabilarmu ba, ko ba ɗan ƙungiyarmu ba?

Allah Ya jiƙan Imam Haron, Ya karɓi shahadarsa, Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya.