Likita Jeanette Troup Da Nas-Nas Ɗinta A Kan Zazzaɓin Lassa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar ɗan'uwansa ya san yadda mukan yi fushi da nas idan ta ce babu magani ko babu gado. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne ita ma da nata ciwon. Ta san abin da ya kamata a yi wa mara lafiya, ba ta da halin yi, ga shi kuma a gabanta zai cika. Yau za mu kawo muku tarihin wata likita da ta ɗauki irin wannan kaya tare da nas-nas ɗinta, a kan wata cuta da ta samo sunanta daga ƙasar Borno.

Sunanta Jeanette Troup, mutuniyar Amurka. Ta zo Nijeriya ne a ƙarƙashin mishan ɗin S.I.M., ta kuwa yi shekaru tana aiki a Jos, a asibitin Evangel wanda Hausawa suka fi sani da Jankwano, da kuma ƙaramin asibitin Bingham inda ake kwantar da ma'aikatan mishan.

A watan Janairu na 1969, ana cikin yaƙin basasa, wata dattijuwar nas mai suna Laura Wine ta kwanta rashin lafiya a Lassa, wani gari na Margi da ke kudu da Maiduguri. A lokacin yana cikin Jihar Arewa maso Gabas, yanzu kuwa yana ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno. Abin ya fara da ciwon baya da zazzaɓi, sa'an nan miki ya fito mata a maƙogwaro. Aka ba ta maganin zazzaɓin sauro, aka yi mata allurai, duk a banza. Da abin ya ci tura sai aka ɗauko ta a ƙaramin jirgin sama zuwa Jos, wurin Likita Troup. Kashegari ta rasu.

Nas ɗin da ta yi jinyarta a Jos, watau Charlotte Shaw, ashe ƙayar fure ta soke ta a yatsa, da wannan yatsa kuwa ta share wa majinyaciyar baki. Bayan 'yan kwanaki ita ma ta kwanta, a watan Fabrairu ta rasu. Likita Troup ta buɗe gawar don ta gano abin da ke kashe su, babbar nas ɗin asibitin, Lily Pinneo, tana taya ta. Ba a daɗe ba ita ma Pinneo zazzaɓin ya kama ta.

To, ku dubi halin da wannan likita ta shiga. Nas biyu sun mutu a hannunta, ga ta uku a kwance. Cutar ba ta da suna, ba ta da magani, ba wanda ya san ta inda take shiga jiki. In ta sa wata nas ta yi jinya, wataƙila ajalinta ta tura ta. In ta hana, an bar mara lafiya ke nan ba mai ba shi ko ruwa. Ko wanne ta zaɓa, akwai wanda zai cutu.

Aka kai Pinneo Ikko, daga nan aka wuce da ita birnin New York, inda ta sha jinya ta makonni kafin ta tashi. A jami'ar Yale masana suka gano ƙwayar cutar, suka sa mata sunan garin Lassa. Can ma ba ta bar su ba. Ta kama Likita Jordi Casals, wanda aka ɗura wa ruwan jinin Pinneo ya warke, ta kuma kashe wani ma'aikacin ɗakin bincike.

A watan Janairu na 1970, daidai lokacin da yaƙi ke ƙarewa, cutar ta sake ɓulla, wannan karon a ɗakin mata na Jankwano. Ta kama majinyata da masu zaman jinya da ma'aikatan asibitin 'yan Nijeriya, waɗanda su ne ke kwashe amai, suna sauya zanen gado. Mutum 28 aka lissafa sun kamu, 13 suka rasu. Likita Troup ta yi zaton tsohuwar cutar ce ta dawo, amma zato ba ya isa hujja. Saboda haka ta sake buɗe gawa da hannunta, ko da yake ta ga abin da ya sami Pinneo. Ana cikin aikin sai wuƙa ta yanke ta a yatsa. Ran 18 ga Fabrairu, 1970 ta rasu, ba ta kai shekara 50 ba. Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta don a ɗura mata, amma ta iso Jos bayan an riga an yi rashin.

Aikinta bai tafi a banza ba. A shekarar aka buga rahoton annobar Jos da sunanta a kan gaba. A 1972 masu bincike a Saliyo suka gano cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zuba ta a abinci ta fitsari da kashi. Daga baya aka soma amfani da maganin ribavirin, wanda ya fi amfani idan an ba da shi da wuri.

Har yanzu zazzaɓin Lassa yakan taso da rani, musamman a jihohin Ondo da Edo da Bauchi, har yanzu kuma yana cin rayukan ma'aikatan asibiti. Saboda haka mu rufe abincinmu, mu kori ɓeraye, mu kai mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani asibiti tun da wuri. Idan kuma nas ta ce ba za ta taɓa ɗan'uwanka ba sai an samo safar hannu, kada ka yi gaggawar ce mata marar tausayi. Ka taya ta neman safar daga wurin waɗanda alhakin samar da ita ke wuyansu, domin ita ma so take ta taɓa shi, ta kuma koma wa 'ya'yanta lafiya.