Ali ibn Ridwan, Likitan Masar (988–1061)

An haifi Abul Hasan Ali ibn Ridwan a Giza ta ƙasar Masar wajen shekarar 988 Miladiyya, zamanin daular Faɗimiyya. Mahaifinsa talaka ne mai gasa gurasa. Da yake ba shi da abin biyan malami, sai ya duƙufa kan littattafai shi kaɗai, yana duban taurari a bakin hanya don samun abin sawa a baka. Da haka ya naƙalci likitancin Jalinus har ya zama shugaban likitocin Masar. Wannan ta sa ya riƙa fifita littafi a kan malami, ra'ayin da Ibn Butlan na Bagadaza ya yi ta ja da shi a kai, kuma da wuya mai koyon aikin malanta ya goyi bayansa.

Abin da ya fi raya sunansa a yau ya faru ne tun yana matashi. A shekarar 1006, wato 396 Hijiriyya, wani sabon tauraro ya bayyana ta kudu. A cikin sharhin da ya yi wa littafin Batlimus ya ƙayyade matsayinsa, ya kiyasta girmansa da ninki biyu da rabi zuwa uku na Zara, haskensa kuwa ya ɗara rubu'in na wata. Da a kan dutsen Kufena mutum ya tsaya a dararen nan, da ya gan shi can sama fiye da yadda Misirawa suka hango shi, domin Zariya ta fi kusa da kudu.

Tauraro ne ya tarwatse, nesa da mu da tafiyar haske ta kimanin shekara 7,000. Tarkacensa na ci gaba da bazuwa da gudun dubban kilomita a daƙiƙa, yana tunkuɗa iskar gabansa. A bakin wannan tunkuɗa, maganaɗisu kan sa ƙwayoyi masu cajin lantarki su yi ta kai da komo, kowane tsallake na ƙara musu ƙarfi, har su kusa gudun haske. Enrico Fermi ne ya aza harsashin wannan bayani a 1949, sannan a 1995 tauraron ɗan'adam na Japan mai suna ASCA ya samo shaidarsa a gefen wannan tarkace.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. Wata marainiya da ya rena ta gudu da dukiyarsa, hankalinsa ya taɓu. Allah Ya yi masa rasuwa wajen shekarar 1061.