LADI KWALI, MAGINIYAR TUKWANE

Duk wanda ya juya bayan takardar Naira ashirin zai ga hoton wata mace tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali cikin ƙasar Gwari, wanda yanzu yake ƙarƙashin Babban Birnin Tarayya. Ba ta yi makarantar boko ba. Makarantarta ita ce gindin wata uwarta ta dangi, wadda ta koya mata gini tun tana yarinya, domin a ƙasarsu sana'ar mata ce.

Ga yadda suke yi. Sai a kwaɓa yumɓu, a mulmula shi dogo-dogo kamar igiya, a riƙa ɗorawa ana shafewa, maginiya tana zagaya tukunyar har ta tashi. Kafin ta bushe sai a yi mata zane, sa'an nan a gasa ta a fili da itace da busasshiyar ciyawa. Wajen zanen nan ne Ladi ta yi fice. Ta zana kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsaye, wato halittun da ta saba gani a ƙauyensu. Saboda kyan tulunanta, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tara su a fadarsa.

A can ne wani Bature maginin tukwane daga Ingila, mai suna Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja a yau. A shekarar 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce kuwa mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juya yumɓu, ta yi kwanuka da kofuna da butoci. Amma ba a raba ta da ginin hannu na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da zanenta na da, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa su a tanderu mai tsananin zafi. Tsohon ilimi da sabo suka haɗu a tulu ɗaya.

Daga nan sunanta ya ƙetare teku. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Gwamnati ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980, da ta OON a 1981. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar Suleja sunanta, hotonta kuma ya hau Naira ashirin a 2007.

To, ina darasinmu? Tun da aka gina madatsar Tiga, ruwa ya wadata a Kura da Bunkure da Kadawa, laka kuwa ba ta yankewa a bakin hanyoyin ruwa. Yaranmu suna gina shanu da motoci da ita, mu kuwa manya sai tsawa, wai suna ɓata tufafi. A aji ma sau da yawa akan tilasta wa yara talatin su yi abu iri ɗaya. Da haka aka yi wa Ladi, da ba mu san ta ba. Malami ya nuna yadda ake kwaɓi da gashi, amma ya bar yaro ya zana shinkafa ko balbela ko abin da idonsa ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi.

Ya ku ɗalibai, Littafi Mai Tsarki ya kwatanta Ubangiji da maginin tukwane, mu kuwa da yumɓu. Saboda haka kada ku raina aikin hannu, kada kuma ku binne baiwar da Allah ya ba ku.