Umar Ɗan Abdul'aziz Da Uwargidansa Faɗimatu



A ajin matan aure da nake koyarwa bayan La'asar mun ɗauki makonni muna karanta Tarikhul Khulafa na Imamus Suyuɗi, ina karantawa ina fassara musu. Ranar da muka zo kan Hajjaju ɗan Yusuf aji ya cika maƙil. Da suka ji yadda ya yi wa Makka ƙawanya, ya kashe Abdullahi ɗan Zubairu a shekara ta 73 bayan Hijira, alhali mahaifiyarsa Asma'u 'yar Abubakar (R.A) tana raye da tsufanta, sai salati da tsaki ta ko'ina. Kowa ta samu abin faɗa, kowa kuma ta san wani mai mulki da za ta kwatanta da shi. Amma da muka iso kan Umar ɗan Abdul'aziz sai aji ya yi tsit. Can wata daga baya ta ɗaga hannu, ta ce ita fa matar ce take ba ta tausayi, don ba ta ga laifin da ta yi ba da za a raba ta da gwalagwalanta. Aka yi dariya. Ni kuwa tambayar ta bi ni har gida, shi ya sa na ga ya dace in kawo miki tarihin mutumin nan tun daga farko, ke ma ki auna.

An haifi Umar wajen shekara ta 61 bayan Hijira a gidan sarautar Banu Umayya. Mahaifinsa Abdul'aziz ɗan Marwan ya yi kusan shekara 20 yana gwamnan Masar. Mahaifiyarsa Ummu Asim jikar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ce (R.A). Kin dai san labarin yarinyar nan 'yar mai sayar da madara, wadda uwarta ta umarce ta cikin dare ta tsarma ruwa a madarar, ta ƙi, don ta san ko Halifa bai gani ba Allah yana gani. Halifa kuwa yana bayan katanga yana sintiri, ya ji komai, gari na wayewa ya nema wa ɗansa Asim aurenta. To, ita ce kakar wannan Umar ɗin ta wajen uwa.

Yana yaro wata dabba ta harbe shi a goshi, tabon ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Mahaifinsa ya tura shi Madina karatu, ya damƙa tarbiyyarsa a hannun Salihu ɗan Kaisan. Wata rana ya makara sallar jam'i, malamin ya tambayi dalili, ashe gyaran suma ake yi masa. Malam ya rubuta wa uban a Masar, uban ya aiko ɗan saƙo musamman da umarnin a aske sumar ƙwal. Ki duba fa, ɗan gwamna ne. Mu yau malami ya ɗaga wa yaro murya, kafin Magariba uwar ta iso makaranta da mayafi a kafaɗa.

Kada ki ɗauka tun asali mai gudun duniya ne. Umar ya tashi ɗan gata, ɗan ƙwalisa. Masu tarihi sun ce ana jin ƙamshin turarensa kafin a hango shi, tufafinsa masu tsada ne, har takunsa ma sananne ne, 'yan mata suna kwaikwayonsa. Da mahaifinsa ya rasu, baffansa Halifa Abdulmalik ya kira shi Dimashƙa ya aura masa 'yarsa Faɗimatu. Ita kuwa wace ce? Kakanta Marwan halifa ne, ubanta halifa ne, 'yan uwanta maza huɗu, Walid da Sulaimanu da Yazidu da Hisham, duk sun yi halifanci, mijinta ma ya zo ya yi. An kai ta ɗaki da lu'ulu'u da kayan ado irin waɗanda ba a cika ganinsu ba a zamanin. Saboda haka mijin da ta aura mai wadata ne mai son jin daɗi, kuma a haka suka yi fiye da shekara goma.

A shekara ta 87 Halifa Walid ya naɗa shi gwamnan Madina, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Yana isa ya tara malaman fiƙihu goma na garin, cikinsu da Urwatu ɗan Zubairu da Ƙasim ɗan Muhammad da Salim ɗan Abdullahi, ya mai da su 'yan majalisarsa, ya nemi duk wanda ya ga zalunci ya sanar da shi. A hannunsa aka faɗaɗa masallacin Annabi (S.A.W), aka shigar da ɗakunan Iyayen Muminai cikinsa.

Akwai abin da masu wa'azi ba su cika faɗa ba, ni kuwa ina ganin in an tsallake shi ba za a fahimci mutumin ba. Walid ya aiko masa da umarnin ya yi wa Khubaibu ɗan Abdullahi ɗan Zubairu bulala. Ya bi umarni. Aka yi masa bulala, aka kwara masa ruwan sanyi cikin hunturu, aka tsayar da shi a ƙofar masallaci, daga nan Khubaibu bai tashi ba. Wannan mutuwa ta tsaya wa Umar a rai. An ruwaito cewa daga baya duk lokacin da aka yi masa albishir da wani aikin alheri nasa, sai ya ambaci Khubaibu. Da na faɗi wannan a aji wasu ba su ji daɗi ba, sun fi son a ce musu adali tun daga tsumman goyo adali ne, azzalumi kuma da ƙaho aka haife shi. Ai shi ma Hajjajun mai koyar da yara ne a Ɗa'ifa kafin mulki, kuma ya san Alƙur'ani. Umar ya zubar da jini sau ɗaya, bai sake samun barci mai daɗi ba. Hajjaju ya yi shekara 20 a Iraƙi yana yi, har ya rufe da kashe babban malami Sa'idu ɗan Jubairu.

Shi ne ma ya yi sanadin tsige Umar. Mutanen Iraƙi da suka gudo wa takobinsa suna samun mafaka a Hijaz, sai ya kai ƙara wurin Walid, aka cire Umar a shekara ta 93. Ya koma Sham. Da Sulaimanu ya hau mulki ya jawo shi jiki yana shawara da shi. Lokacin da ajali ya zo wa Sulaimanu a Dabiƙ cikin watan Safar na shekara ta 99, wato 717 Miladiyya, malami Raja'u ɗan Haiwa ya ba shi shawarar ya bar wa Musulmi mutumin kirki. Aka rubuta sunan Umar, bayansa Yazidu, aka rufe takardar, aka sa 'yan gidan sarauta suka yi mubaya'a ga wanda ke ciki ba tare da sun san ko waye ba. Sai bayan rasuwa aka buɗe.

Daga wurin jana'iza aka jawo masa dawakan halifanci, ya ce a mayar, a kawo masa alfadarinsa. Ya shiga gida ya sanar da iyalinsa cewa nauyin da ya hau kansa zai shagaltar da shi daga barinsu, wadda take son rabuwa ga hanya. Sannan ya fara mayar da dukiyar da aka karɓa ba bisa haƙƙi ba, kuma da kansa ya fara: gonaki da filayen da ya gada ya mayar da su Baitulmali. Bayan nan ne ya zo kan Faɗimatu. Ya nuna mata cewa kayan adon da ubanta ya ba ta daga dukiyar Musulmi suka fito, shi kuma ba zai iya kwana ɗaki ɗaya da su ba, sai ta zaɓa, ko su ko shi. Ta zaɓe shi. Aka kwashe aka kai Baitulmali.

A nan zan ɗan tsaya, domin na sha jin maza suna kawo wannan labari in suna son matar ta ciro sarƙarta ko 'yan kunnenta. Malam, a yi adalci. Umar bai taɓa sadakinta ko abin da ta samu ta halal ba, kayan da yake ganin na jama'a ne ya nema. Bai sa su a aljihunsa ba, bai ja jari da su ba, balle ya haɗa lefen wata. Ya fara tuɓe nasa kafin ya dubi nata, kuma zaɓi ya ba ta. Zinaren mace na halal nata ne, in ta bayar kyauta ce, in ta hana ba ta yi laifi ba. Amma ke ma 'yar uwa akwai naki. Maigida ma'aikaci ne, kin san albashinsa, sai ga shi ya shigo da abin da albashin shekara biyar ba zai saya ba, kika yi guɗa kika kira ƙawaye. Kin tambaya? Da yawanmu in ana zagin shugabanni muryarmu ta fi ta kowa, alhali wani abin da aka ɗebo a wuyanmu yake rataye.

Rayuwar gidan ta juye gaba ɗaya. An ruwaito cewa ya taɓa sha'awar inabi ya tambayi Faɗimatu ko tana da dirhami ɗaya, ba ta da shi. Wani dare ya shiga wurin 'ya'yansa mata ya ga suna rufe baki da hannu, ashe adas da albasa kawai suka ci, ba sa son ya ji wari. Ya yi kuka. In yana aikin jama'a da dare yakan kunna fitilar Baitulmali, da zarar magana ta koma ta gidansa sai ya kashe ta ya kunna tasa. Wata mata ta taho daga Iraƙi neman taimako saboda 'ya'yanta mata, ta shiga ta tarar da Faɗimatu tana kaɗi, ɗaki babu komai. Ta ga wani mutum yana ɗebo ruwa yana kwaɓa ƙasa yana waiwayen uwargida, sai ta ba Faɗimatu shawarar ta suturta daga wannan magini. Faɗimatu ta sanar da ita cewa ai Sarkin Musulmin ke nan.

Dangi ba su yi shiru ba. Banu Umayya suka turo gwaggonsa, ita ma Faɗimatu sunanta, 'yar Marwan, ta roƙe shi ya sakar musu abin da suka saba samu, ta koma hannu banza. Ki tuna waɗannan masu fushi 'yan uwan matarsa ne, uwa ɗaya ko uba ɗaya. Duk wadda ta taɓa tsayawa tsakanin miji da danginta ta san zafin wurin. Ba a ruwaito ta taɓa yin yaji ba, ko ta zama 'yar saƙonsu a cikin ɗakinsa.

A waje kuwa, cikin ɗan lokaci ya yi abubuwan da har yau muna cin moriyarsu. Ya hana zagin Sayyidina Ali (R.A) a kan mumbari, ya sa a riƙa karanta aya ta 90 ta Suratun Nahli a madadinsa, wadda har yanzu limamai da yawa suke rufe huɗuba da ita. Ya soke karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta, duk da gwamnoni sun koka cewa kuɗin shiga zai ragu. Ya dawo da rundunar da yunwa da sanyi suka galabaitar a ƙofar Ƙusɗanɗiniyya. Ya rubuta wa Abubakar ɗan Hazmi a Madina ya tattara hadisai a rubuce don kada su tafi da tafiyar malamai. Ya aika malamai goma Afirka ta Arewa su koyar da Barbar addini, kuma ta hannun jikokin waɗannan mutane ne, shekaru da yawa bayan haka, Musulunci ya ƙetaro Sahara zuwa ƙasashenmu.

Mafi yawan abin da muka sani game da darensa daga bakin Faɗimatu aka ji shi. Bayan rasuwarsa mutane sun zo suna tambayarta. Ta gaya musu cewa akwai waɗanda suka fi shi yawan salla da azumi, amma ba ta ga wanda ya fi shi tsoron Ubangijinsa ba. In ya yi Isha sai ya zauna a wurin sallarsa yana kuka har barci ya ɗauke shi, ya farka ya ci gaba. Wani lokaci suna kwance sai ya tuna lahira, jikinsa ya ɗauki ɓari kamar tsuntsun da ruwa ya jiƙa. Ta taɓa tambayarsa abin da ke sa shi kuka, ya lissafa mata mayunwaci da mara lafiya da maraya da bazawara da fursuna da tsoho mai iyali, duk a faɗin ƙasar, ya ce za a tambaye shi kowannensu. Ita da kanta ta yi fatan da tsakaninsu da wannan mulki akwai nisan gabas da yamma. Wannan ya nuna miki ba dutse ba ce, ta ji zafin abin, zama ta zaɓa.

Ƙarshensa ya zo da jarrabawa a jere. Ɗansa Abdulmalik, saurayi mai tsoron Allah wanda yake ƙarfafa masa gwiwa, ya rasu, haka ƙaninsa Sahlu da amintaccen baransa Muzahim. Sai shi ma ya kwanta. Masu tarihi da yawa sun ruwaito cewa guba aka sa wani bawansa ya ba shi a kan dinare dubu, da ya gane sai ya karɓi kuɗin ya sa a Baitulmali, ya sallami yaron ya ce ya ɓace kada a kama shi. Surukinsa Maslama, ɗan uwan Faɗimatu, ya zo dubiya ya ga rigar jikinsa ta yi datti, ya ce wa 'yar uwarsa a wanke. Ya dawo ya tarar da ita yadda take, ya yi faɗa, sai ta sanar da shi cewa ba shi da wata da zai sa kafin wannan ta bushe.

Ya rasu a Dairu Sam'an cikin ƙasar Sham a watan Rajab na shekara ta 101, wato 720 Miladiyya, yana da kimanin shekara 40, bayan mulkin shekara 2 da wata 5. Ko wurin kabarinsa da kuɗinsa ya saya. Allah ya jiƙansa.

Yazidu ya hau mulki, abubuwa da yawa suka koma yadda suke a da. Ya tuna da kayan adon 'yar uwarsa, suna nan a Baitulmali ba a taɓa su ba, ya aika mata cewa in tana so a dawo mata da su. A lokacin mijin yana ƙasa, babu mai hana ta, mai mulkin kuma ɗan uwanta ne. Faɗimatu ta ƙi karɓa, ta ce ba za ta yi masa biyayya yana raye ba sannan ta saɓa masa bayan ya mutu. Yazidu ya raba kayan ga matan gidansa.