Prokudin-Gorsky: Mai hoton da ya kama launin daular Rasha kafin ta rushe

A shekarar 1911 Sarkin Bukhara, Muhammad Alim Khan, ya zauna gaban kyamara sanye da shuɗiyar rigar siliki mai adon furanni, da farin rawani, da ɗamarar zinariya, hannunsa a kan takobi. Sai da ya daskare na wasu daƙiƙoƙi bai motsa ba, domin sau uku za a ɗauke shi kafin a samu hoto guda. Bayan shekara tara aka tumɓuke shi daga sarauta. Hoton kuwa yana nan har yau, launinsa garau, yana yawo a wayoyin mutanen da ba su san sunan wanda ya ɗauke shi ba. Sunansa Sergei Mikhailovich Prokudin-Gorsky.

Daga sinadarai zuwa hoto

An haife shi a watan Agustan 1863 a lardin Vladimir, gabas da birnin Mosko, a gidan da ke cikin jerin masu asali na Rasha. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a birnin St. Petersburg. A 1890 ya auri Anna Lavrova, 'yar wani attajiri mai masana'antar ƙarafa a Gatchina, kuma wannan aure ya ba shi rufin asirin da ya iya bin abin da ransa ke so. A 1901 ya buɗe shagon hoto da ɗakin gwaje-gwaje a St. Petersburg. Shekara ta zagayo ya tafi Berlin, ya yi makonni shida wurin Adolf Miethe, Bajamushen da ya yi fice a ɗaukar hoto mai launi.

A wancan zamani babu fim mai launi da mutum zai saya a kasuwa ya cusa cikin kyamara. Dabarar ita ce a sami dogon farantin gilashi da aka shafa wa sinadarin da haske ke kamawa, a ɗauki abu ɗaya sau uku a jere a kansa: ta bayan matacin haske shuɗi, da kore, da ja. Idan aka wanke, hotuna uku ne baƙi da fari. Sai an sa su cikin majigi mai idanu uku, kowane ido da nasa matacin, an haska su a wuri ɗaya jikin bango, sannan launi ya bayyana. Duk abin da ya motsa tsakanin ɗauka ta farko da ta uku, yaro ne ko ruwan kogi, sai ya fito da gefuna masu launin bakan gizo.

Wahalar ba a wurin ɗauka ta ƙare ba. Farantin yana jin kowane irin haske, har da jan fitilar da masu wankin hoto suka saba aiki da ita, saboda haka kusan a cikin duhu ake sarrafa shi. A nan ilimin sinadarai ya yi masa rana, domin da kansa ya riƙa inganta haɗin da ke sa faranti ya ji launuka daidai wa daida. Daga 1906 ya zama editan babbar mujallar masu sha'awar hoto ta Rasha. A watan Mayun 1908 ya je Yasnaya Polyana ya ɗauki marubuci Leo Tolstoy, hoton da aka buga a katuna ya kai sunansa gidaje da yawa.

Taragon sarki

A 1909 aka gayyace shi fadar Tsarskoye Selo, ya nuna wa Sarki Nikolas na Biyu da iyalinsa majigin hotunansa. Ya gabatar da burinsa: ya zagaye daular baki ɗaya ya ɗauke ta da launi, domin 'yan makaranta su ga ƙasarsu da idonsu. Sarki ya amince. Aka ba shi taragon jirgin ƙasa da aka mayar ɗakin wankin hoto, da takardun izinin shiga wuraren da aka hana ɗauka, da umarnin jami'ai su taimaka masa. Yawancin kuɗin aikin kuwa daga aljihunsa suka fito, kuma maganar gwamnati ta sayi tarin hotunan ba ta taɓa tabbata ba.

Shekaru ya yi a kan hanya. Ya ɗauki magudanun ruwa na arewa, da masana'antun duwatsun Ural, da majami'u, da masu tsinkar ganyen shayi a gaɓar Baƙin Teku, da mutanen Dagestan, da masallatai da makarantun Samarƙandi.

Abin da ya tarar a Bukhara, ƙasar da Imam Bukhari ya fito, ba zai zama baƙo ga ɗan Arewa ba. Tun 1868 Rasha ta ci masarautar da yaƙi, amma ta bar sarki a kan gadonsa da alƙalansa da masu karɓar harajinsa, ita kuma ta riƙe harkokin waje da ƙarfin soja. Shi kansa Alim Khan a makarantar soja ta St. Petersburg ya yi karatu. Irin wannan tsari ne Lugga ya shimfiɗa bayan faɗuwar Sakkwato a 1903: rawani na nan, iko ya koma wani wuri. Kyamarar Prokudin-Gorsky ta ɗauki sarki cikin adonsa, ta kuma ɗauki fursunoni suna leƙe ta bayan ƙarafan kurkukun birnin. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, a kan layin dogon Murmansk, ya ɗauki fursunonin yaƙin Ostiriya tsaye gaban barikinsu. Aiki ne da aka yi da izinin sarki domin nuna girman daula, amma abin da gilashi ya kama ya wuce abin da fada ta so a gani.

Gudun hijira

Juyin juya halin 1917 ya kawar da sarautar. A watan Yulin 1918 'yan Bolshebik suka kashe Nikolas da iyalinsa, a watan Agusta kuma Prokudin-Gorsky ya bar Rasha, bai sake komawa ba. Ya zauna Norway, ya wuce Ingila, daga bisani ya yada zango a Faransa, inda ya buɗe shagon hoto da 'ya'yansa, yana nuna wa 'yan gudun hijira majigin ƙasar da suka rasa. Ba duka farantansa suka fito daga Rasha ba. Hukuma ta hana fitar da waɗanda take ganin sun shafi tsaro. Ragowar suka shafe shekarun mamayar Jamus a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a Paris.

Ya rasu ranar 27 ga Satumban 1944, wata guda bayan 'yantar da birnin, yana da shekara 81. A wannan shekarar ce Alim Khan, wanda Jar Runduna ta kora daga Bukhara a 1920, shi ma ya rasu a Kabul.

Kafin ya cika ya ga fasaharsa ta tsufa. A 1935 Kodak ta fitar da Kodachrome, fim guda mai shimfiɗu uku da ke yin aikin ɗauka ukun a lokaci ɗaya, sai dai a wancan lokacin kamfanin ne kawai ke wanke shi. A 1946 Ektachrome ya fito, wanda mai hoto zai iya wankewa da kansa. Har yau masu sha'awa na sayen kwalaben sinadarai na tsarin E-6, su ɗumama ruwa zuwa digiri 38, su wanke fim ɗin majigi a gida. Abin da ya ci tarago guda ya koma cikin roba.

Wa ke riƙe da hoton?

A 1948 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sayi faranti 1,902 daga magadansa. A 2001, bayan an haɗa launukan da kwamfuta, aka baje kolinsu, aka kuma sa su a intanet kyauta. Ɗan Bukhara da ke son ganin birnin kakanninsa da launi, taskar Washington yake leƙawa.

Haka lamarin yake kusa da gida. A 1930 attajirin Faransa Albert Kahn ya tura mai hoto Frédéric Gadmer zuwa Dahomey, ƙasar Benin ta yau da ke iyaka da Bagudo, ya dawo da hotuna masu launi fiye da dubu. Suna ajiye a gidan tarihin Kahn da ke gefen Paris. Wanda ya ɗauki nauyin tafiya shi ke zaɓar abin da za a ɗauka, wanda ya adana faranti kuma shi ake roƙo bayan shekara ɗari. A Bahindi da Illo da Ka'oje, da sauran garuruwan bakin Kwara, tarihin naɗin sarauta da cin kasuwa da ambaliya yana cikin akwatunan tsofaffin masu hoto da jakunkunan iyalai, inda zafi da gara ke cin rabonsu kowace shekara. Farantan Prokudin-Gorsky sun tsira ne saboda magadansa ba su zubar da su ba a lokacin da babu mai tayawa.